Hoton Katin Yaya Agali

Tun da na dawo daga Kano ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a fada, majalisarmu ta abokai, sai wani ya ce, "To Mushe Ilu, yaya Kano?" Mushe muke ce wa malamin makaranta a nan. In na fara ba da labari wani ya iso a tsakiya, a ce in koma farko. Har matan abokaina sun fara aiko da tambaya ta bakin mazajensu. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, kowa ya karanta, ni kuma in huta. Amma in gaya muku tun yanzu, ba yawon buɗe ido na je ba, ba kuma sarin atamfa ba kamar yadda wasu suka yaɗa. Fuskar mutum ɗaya na je ɗaukowa.

Waɗanda suka san gidanmu sun san asalinmu mutanen arewa ne. Kakanninmu da raƙuma suka gangaro, suka zauna Dakoro har Hausa ta zama bakinmu. Raƙuman sun ƙare, yaren ma ya kusa, amma rawani da kunya suna nan daram. Babban wanmu, Yaya Agali, shi ne ɗan farin Inna. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, "mutumin Kano" take ce masa, don can yake aikin gadi tun ina ɗan lakwal, wato ɗan makaranta. Shi kuma tun ranar da aka naɗa masa rawani yana saurayi bai ƙara sauke amawali a gabanta ba. In ya zo ganin gida sai ya durƙusa a bakin ƙofarta, ido a ƙasa, fuska a rufe. Ita kuma ta juya wajen bango ta amsa gaisuwar a taƙaice, ka ce mai tallar gishiri ne ya leƙo. Ni kuwa auta ne, a tabarmarta nake kwanciya in sha furarta, in ta yi magana in ba ta amsa.

Bara idonta ya fara ba ta wahala, muka kai ta likita a Maradi. Aka ce na dama ya riga ya tafi, na hagu yana bin sa, magani sai dai ya rage masa sauri. Muna fitowa ta kama hannuna ta ce kada in kuskura in gaya wa mutumin Kano, yana da hidimar da ta ishe shi. Na yi mata alkawari.

A daidai lokacin ne na kamu da son ɗaukar hoto. Baba Nomau, tsohon mai hoton bakin kasuwa, ya rufe rumfarsa tunda wayoyi suka cinye masa sana'a, ni kuma na karɓi kyamararsa, wadda mu nan muke ce wa aparai. Kowace ranar kasuwa ina cikin turke ina bin shanu da raƙuma, dillalai suna yi mini dariya. Wata rana Inna tana tankaɗe, ina gefenta ina goge gilashin abin, sai ta ce, "Wanga abu naka, shina ɗauko mutanen nesa?"

Na ce, "Sai an tahi inda suke, Inna."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Can ta ce, "Hutun lakwal ai ya yi kusa. An ce gidan da suke ciki a Kano da kyau. Ka ɗauko mani gidan in gani." Ta buga rariya a tafin hannu. "Da masu gidan."

Na san abin da take nufi. Fuskar da ta sani ta Yaya ta saurayi ce, yanzu kuwa ya aurar da 'ya. Shi ba zai samu zuwa ba sai bayan damina mai zuwa, idon kuma ba lallai ya jira ba. Kada wani ya ce mini ai ga waya. Mun gwada. In aka kira shi ta bidiyo, Inna ƙeya take ba wayar. Hotunan da yake turowa kuma rawani ne da baƙin tabarau, a ɗan allon da ni mai ido biyu sai na ƙanƙance su. Abin da take bukata hoto ne babba, a takarda, wanda za ta duba ita kaɗai ba tare da wani ya riƙe mata ba.

Kafin in tafi na je wurin Baba Nomau neman ƙarin karatu. Ya ce in sa rana a bayana, in manna gwiwar hannu a haƙarƙarina, in riƙe numfashi kafin in danna. Na tsaya ina jiran saura. Ya ce, "Sauran sai ka ɓata hotuna da yawa. Ni ma haka na koya, kuma lokacin kowane ɓatacce sai an wanke shi kahin a san ya ɓaci."

Motar da na shiga zuwa Maradi raguna ne a samanta, mu a ƙasa, kuma duk wanda ya taɓa zama kusa da taga a irin wannan mota ya san abin da ke gangarowa. Kusa da ni wata Hajiya Rabi ce, mai kai cuku da tabarmi Katsina, mace mai jiki da murya. Tana ganin abin da ke rataye a wuyana ta ce ai ta samu mai hoto. Da muka tsaya Kornaka ta sauka ta gyara gyale, ta zaɓi wurin tsayuwarta da kanta, ni kuma kunya ta hana ni ce mata rana tana bayanta. Na danna. Ta karɓa ta duba, ga sama ta fito tas, ga bishiya, ga wani baƙin tsibi a tsakiya.

Ta ce, "Wanga mine ne?"

Na ce, "Ke ce, Hajiya."

Ta ce, "Ni ko buhun gawayi? Ɗana, in da wanga za ka ci abinci a Najeriya, to riƙe cukun nan, za ka bukace shi."

Tun daga nan ta ɗauke ni ɗa. Ita ta nuna mini inda ake canji a tashar Maradi, ta tsaya a kaina har aka gama. Nairar da aka ba ni ta cika aljihu biyu, na riƙa tafiya a hankali irin ta masu hali. Wannan jin daɗi bai wuce sayen ruwa da ƙosai na farko ba. Na kwana gidan wani abokin karatuna, da safe muka sake haɗuwa da Hajiya muka kama hanyar Ɗan Isa, bakin iyaka.

A ɓangarenmu ba a daɗe ba, aka duba katina aka miƙo mini. A ɓangaren Najeriya ne na jawo wa kaina. Muna jiran a gama duba kayan Hajiya sai na hango jerin jakuna da kaya suna ratsa wani kwari, hasken safe ya sauka a kansu gwanin sha'awa. Na tuna rana tana bayana, na manna gwiwar hannu, na riƙe numfashi. Kafin in sake shi aka dafa kafaɗata. Wani jami'i ne dogo, ya ce in biyo shi. Ashe ba a ɗaukar hoto a bakin iyaka, abin da kowane ɗan ƙauye ya sani, ni malamin makaranta ban sani ba.

Ya zaunar da ni a benci ya karɓi kyamarar, ya fara duba abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, fuska a murtuke. In aka riƙe kyamarar nan tafiyar ta ƙare ke nan. Sai na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya kira abokin aikinsa. Suka ga raƙumi ba kai, suka ga kai ba raƙumi, suka ga babban yatsana ya rufe rabin kasuwar Dakoro, suka ga Hajiya a Kornaka. Na biyun har da riƙe ciki.

Dogon ya ce, "Malam, kai ko turo ka aka yi leƙen asiri, waɗanda suka turo ka ne za su yi asara." Ya goge hoton jakunan, wanda shi ne mafi kyau da na taɓa ɗauka, ya ce in sa abin cikin jaka sai na wuce gari. Na yi godiya na fito. Gaskiya dariyar ta fi tsoron yi mini ciwo, kuma Hajiya ba ta taimaka ba, don har Katsina tana ba fasinjoji labari.

A Katsina muka rabu, ta ƙara mini cuku ta yi mini addu'a. A nan na fara cin karo da abin da suke kira shayi. Na ce wa mai tebur ya ba ni, sai ya miƙo mini kofin roba mai girman moɗa, cike da madara, da rabin burodi. Na tambaye shi na biyu da na uku fa, don mu shayi dahuwa uku ne, ya ce in ina da kuɗi ko na goma ne zai haɗa mini. Mutanen kirki ne, amma ba su san shayi zama ne ba, su a tsaye suke kurɓe shi su wuce.

Kano kuwa sai wanda ya gani. Gaisuwa ba a gama ta. Kana cikin tambayar mutum gajiya da iyali ya riga ya tsallaka titi. Da na buɗe baki sai a ce, "Daga Nijar?" wai don na ce tahiya. Na shiga a-daidaita-sahu da sunan unguwa a bakina, direban ya bi da ni ta lungunan da na tabbata ba za mu fita ba, ya sauke ni daidai ƙofar gidan.

Gidan da aka ce wa Inna da kyau gidan haya ne, iyali da yawa a tsakar gida ɗaya, Yaya yana da ɗaki biyu a ƙurya. Wani sito na yadi yake gadi, ya kwana can ya dawo da safe. Matarsa Dije Bakanuwa ce, kuma tun aurensu "mijina" take ce mini, ni in ce mata "matar". Tana ganina ta ce ashe a Nijar har yanzu ba a fara ƙiba ba. Ta kawo mini gurasa da yajin da ya sa na yi hawaye, ta biyo da furar da aka markaɗa a inji aka jefa mata ƙanƙara. Na ce wannan ba fura ba ce, kunun sanyi ne. Ta ce to in bar mata kayanta. Ban bari ba, sai da na suɗe kofin. A ɗakin yara aka shimfiɗa mini katifa, sauron Kano kuma suka yi mini maraba tasu.

Da Yaya ya dawo da safe muka gaisa, ya tambayi kowa na gida da sunansa, har awakin Inna, sannan a ƙarshe ya ce, "Tsohuwa hwa?" Na ce lahiya lau. Daga nan na yi wautar da ta kusa ɓata komai. Cikin zumuɗi na ce, "Yaya, Inna ta ce in ɗauko mata hoton gida da masu gida."

Ya tashi ya shiga ɗaki. Ya daɗe. Ya fito da babbar riga, da rawanin turkuɗi na ranar salla, ya zauna a kujera ya haɗa gwiwoyi. Ina ɗaga kyamara ya ja amawali har ƙarƙashin ido, ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Yaya, ɗaga kai kaɗan."

Ya ce, "Haka ya isa."

Na ce, "Ba a ganin huska."

Ya ce, "Ba ka ce ita za ta gani ba?"

Sai a lokacin na gane. A wurinsa wannan ɗan gilashi da na nuna masa ƙofar ɗakin Inna ce, kuma yadda yake durƙusa a can haka zai zauna a nan. Da na ce hoton nawa ne, wataƙila da ya sassauta. Na ɗauki rawani ta gaba, na ɗauki rawani ta gefe, Dije da yara kuma suka fito fes suna dariya.

Washegari na nemi shagon wankin hoto a bakin titi. Mai shagon, Malam Sabo, ya duba aikina ya ce in ba zan ji haushi ba zai gaya mini wani abu. Na ce na sha dariyar jami'an iyaka, ba abin da zai ƙara mini. Ya ce fuskar baƙin mutum ba ta son rana tsaka, ramin ido yakan cika da duhu, goshi ya yi ƙyalli. In zaunar da mutum a inuwa, daga ciki-cikin bakin ƙofa, haske ya shigo masa ta gefe. In ɗaya gefen ya yi duhu, wani ya riƙe farin zane ya mayar masa da hasken. Ya gwada a kaina ya nuna mini, na ga kaina kamar wani mutumin kirki. Na koma gida ina gwadawa a kan Dije da maƙwabtanta, har matan gidan suka fara yin layi da kwalliya. Hannuna ya soma faɗawa. Sai dai duk wannan ilimi bai sauke amawali ba.

Sai na koma sata. Na zauna kusa da shi lokacin shayi, namu na gaskiya, wanda yake dafawa da kansa a ɗan mangal. Amma Yaya ta ƙarƙashin amawali yake shigar da kofi. Abinci shi kaɗai yake ci a ɗaki. Wata rana na laɓe bayan randa yana alwala, na samu hoton ƙeyarsa da buta. Da na duba hoton sai kunya ta rufe ni. Mutumin da ya saya mini rigar lakwal ta farko nake yi wa laɓe kamar mai farautar zabi. Hutun yana ƙarewa, kuma na fara shirya abin da zan gaya wa Inna in na koma hannu biyu. Raina ya ɓaci sosai, har abincin Dije na kasa ci.

Ita ta tsare ni da rana tsaka, Yaya yana barci. Ta ce, "Mijina, zo nan. Me kake bin bawan Allah da shi kamar ya ci maka bashi? Ba ga hotonsa ka ɗauka ba?"

Na yi ta kewaye-kewaye, ta ƙi sakina. A ƙarshe na gaya mata maganar idon, da abin da likita ya ce, da alkawarin da na yi. Ta zauna a bakin turmi. Sannan ta ce, "Sai ka gaya masa."

Na ce, "Na yi mata alkawari, matar."

Ta ce, "Kai ka yi. Ni ban yi wa kowa ba."

Ban san lokacin da ta gaya masa ba, ban kuma san yadda ta faɗa ba. Na dai ga ya fita aiki da yamma bai dafa shayi ba, bai kuma dube ni ba. Na ce shi ke nan, na ɓata wa Inna, na ɓata wa Yaya.

Da safe ya dawo, ina zaune ina haɗa kayana. Ya tsaya a kaina ya ce, "Ilu, katina na ɗan ƙasa ya kusa mutuwa. Tunda ga ka da aparai, ka ɗauke ni hoton kati ka kai mani meri, su sabunta."

Na buɗe baki zan ce masa ai ba haka ake sabunta kati ba, sai mutum ya je meri ɗin, wato ofishin magajin gari, da ƙafarsa. Dije ta take mini ƙafa. Kowa ya san a hoton kati ba a rufe fuska, ba a sunkuyar da kai, hukuma ba ta yarda. Na ce, "To, Yaya."

Na ajiye kujera daga ciki-cikin bakin ƙofa yadda Malam Sabo ya nuna mini. Dije ta kori yara waje, ta ɗauko farin mayafinta ta tsaya a gefe ta ware shi. Yaya ya zauna. Ya kai hannu ya fara warware rawanin, zagaye bayan zagaye, yana tara shi a cinya, ba gaggawa. Ni kaina rabona da ganin fuskarsa sosai na manta. Gemun ya yi fari fat. Kumatun sun faɗa. Turkuɗi ya bar masa shuɗi a goshi da karan hanci, daga hanci zuwa ƙasa kuma fatar ta fi ta sama haske, don ba ta san rana ba. Ya ɗaga kai ya kalli gilashin kai tsaye.

Na danna, hoton ya fito a dagule. Na sake, haka. Tausayinsa da na Inna ya cika mini ƙirji, ga ido ya kawo ruwa ba na ganin komai sosai. Yaya bai motsa ba, bai kuma ce in yi sauri ba. Dije ta ce, "Mijina, hannuna ya gaji fa. Kai kuma malam, ka saki fuska mana, sai ka ce an kama ka da akuyar mutane."

Ya ce, "Ba a dariya a hoton kati."

Amma gefen bakinsa ya ɗan saki. Na goge ido da kafaɗa, na manna gwiwar hannu a haƙarƙari har sai da na ji zafi, na riƙe numfashi na danna. Na duba. Komai ya fito, har ɗigon hasken ƙofa a cikin idonsa. Kafin in ɗago ya riga ya fara mayar da rawaninsa.

Malam Sabo ya duba ya ce wannan kam na yi aiki, ya tambaye ni ƙananan fasfo nawa zai wanke. Na ce ɗaya tak, amma babba, kamar farantin tuwo. Ya kalle ni bai tambayi dalili ba. Ya wanke shi a takarda marar ƙyalli don kada haske ya dami mai dubawa, ya sa tsakanin kwali biyu ya ɗaure.

Yaya ya raka ni tasha da tsarabar gida, atamfa da sabulu da turare. Da zan shiga mota ya kalli kwalin da na rungume ya ce, "In ba ka samu lokacin zuwa meri ba, ka ba wani ajiya a gida. Kak ka bari yara su taɓa." Na ce to. Ya juya ya tafi tun motar ba ta tashi ba.

Dawowa ba ni da labari mai yawa, don hankalina duk yana kan kwalin. A ƙirjina ya zo tun daga Kano. A iyaka kyamara tana can ƙasan jaka, ba wanda ya kula ni. Daga Maradi wani mai kaji ya so ɗora mini keji a cinya, muka yi cacar baki har ya ce ko takardar gado ce na riƙe haka. Bayan Kornaka hadari ya taso, ruwa ya fara shigowa ta tagar da ba ta rufuwa, na cusa kwalin cikin riga na ba wa ruwan baya. Na iso Dakoro a jiƙe, shi kuwa ko ɗigo.

Inna ta karɓi tsaraba, ta tambayi hanya. Na fito da ƙananan hotuna, na gidan da na Dije da yara, ta kai su kusa da ido ta yaba, ta ce matar ta yi ƙiba, ta ce ashe gidan ba fili. Na rawanin ta ɗan kalla ta ajiye gefe. Sannan na kwance kwalin, na ajiye shi a kife a kan tabarma. Na ce, "Wanga na mutumin Kano ne, hoton kati. Ya ce in kai meri. Ki aje mani kahin in samu lokaci."

Ta shafa bayan takardar, ta auna faɗinta da tafin hannu. Ta ce, "Katin Kano manya ne haka?"

Na ce, "Haka suke yi can."

Ta ce, "To sa shi ƙarƙashin katihwa, kak yara su ɓata ma mutane abu."

Kwanaki suka wuce ba ta ƙara tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Na fara tunanin ko kunyar ta fi ƙarfinta, ko kuma idon ya riga ni. Wata rana da hantsi na dawo gida ɗaukar alli da na manta, gidan ba kowa, mata sun tafi suna. Na same ta zaune a bakin ƙofar ɗakinta inda haske yake shigowa. Hoton yana hannunta, dab da idon hagu, har hancinta yana taɓa takardar. Tana matsar da shi a hankali, ta duba goshi, ta sauko ido, ta sauko gemu, ta sake komawa sama. Na tsaya cik. Ta ji takuna, na zaci za ta ɓoye, amma ba ta sauke shi ba.

Ta ce, "Ilu ne?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

Ta ce, "Matar nan ba ta ba shi abinci?"

Na ce, "Tana ba shi. Aikin dare ne."

Ta sa babban yatsa tana shafa farin gemun. Ta ce, "Duk wanga hurhura, ban ga ranar da ta hwara ba."

Na zauna a ƙasa kusa da ita. Mun daɗe a haka, 'yan ajina suna can suna jiran alli. Da na miƙe zan tafi ta kife hoton a cinyarta ta dafe shi da hannu biyu.

Ta ce, "In mutanen meri suka tambaye ka, ka ce masu ya ɓace."